Tambaya da Amsa: Basankob, Kayan Kiɗa Mai Tsirkiya Biyar na Mutanen Beja

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan abu guda, wato kiɗan mutanen Beja na gabashin Sudan da yadda matasansu ke fito da shi dandamali a yau. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo na wani dattijo mai tulin gashi, da takobi rataye a kafaɗa, yana kaɗa wani abu mai kama da garaya amma babu wuya. An rubuta cewa kiɗan Beja ne. Su wane ne Beja, kuma mene ne sunan abin? (Wani mai karatu)

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani sunansa basankob. Beja kuwa al'umma ce ta makiyayan raƙuma da awaki da ke zaune tsakanin Kogin Nilu da Bahar Maliya tun zamanin da. Mafi yawansu suna gabashin Sudan, a yankunan Fot Sudan, Sawakin, Sinkat, Tokar da Kasala, wasu suna yammacin Iritiriya, wasu kuma a kudu maso gabashin Masar wajen Shalatin. Manyan rassansu su ne Hadandawa, Bishariyin, Amarar, Halanga da Bani Amir. Harshensu Bidawiyet, na reshen Kush ne, kuma masana harshe sun sa shi cikin babban gida ɗaya da Hausa. Dangantakar ta nesa ce ƙwarai, Bahaushe ba zai tsinci komai a zancensu ba, sai dai harafin "t" da ke nuna mace a wurinsu ɗan'uwan "ta" ɗinmu ne.

Ka lura da kyau da ka ce babu wuya, domin bambancin ke nan. Garaya da molo da gurmi suna da wuya, makaɗi yana danne tsirkiya a kai ya gajarta ta, sai tsirkiya ɗaya ta ba da muryoyi da yawa. Basankob ba haka yake ba. Ƙoƙo ne rufe da fata, sanduna biyu sun fito daga cikinsa sun buɗe kamar ƙahonin sa, sanda ta uku ta gitta a samansu. Tsirkiyoyi biyar sun taso daga gindin ƙoƙon, sun bi ta kan jaki, wato ɗan itacen da ke ɗaga su daga kan fata, sun je sun ɗaure a sandar gicciyen. Babu inda za a danna su. Kowace tsirkiya muryarta ɗaya, biyar ɗin nan su ne jarin makaɗi gaba ɗaya.

Irin wannan ƙira ta game yankin. A tsakiyar Sudan da arewacinta ana ce mata tambur, Nubiyawa suna cewa kisir, a Habasha da Iritiriya kirar, a garuruwan mashigin Suwez na Masar simsimiyya. Da Larabcin gabashin Sudan za ka ji ana kiranta rababa, sunan da a wasu ƙasashen Larabawa ake ba abin da ake gogawa kamar goge, saboda haka kada sunan ya ruɗe ka. Kama da wane ba ta wane: jikinsu ɗaya ne a ido, amma ɗaurin muryoyi da salon hannu da waƙoƙin kowa nasa ne.

Tambaya: Ni masassaƙi ne, ina kuma haɗa kayan kiɗa. Don Allah a yi mini bayanin yadda ake ƙera shi dalla-dalla, da inda aikin ya fi ɓaci. (Wani masassaƙi)

Amsa: Malam, sannu da sana'a. Kayan aikin ba su da yawa, amma jerin aikin ba ya son gaggawa.

Fara da ƙoƙon. A da akushin itace ake sassaƙawa, yau da yawa suna amfani da kwanon ƙarfe na cin abinci, don ya fi sauƙin samu kuma ba ya tsagewa in ana yawo da shi a kan raƙumi. Itace yana ba da murya mai taushi da zurfi, kwano yana ba da mai kaifi da amo. Faɗin baki santimita 25 zuwa 30 ya isa, zurfi kamar 8 zuwa 10. In akushi ka sassaƙa, ka bar kaurin bango kusan santimita ɗaya, ka goge leɓensa sumul, domin duk wani kaifi a leɓen shi zai yanke fata bayan 'yan watanni.

Sandunan hannu biyu su kai santimita 55 zuwa 65 kowace, na busasshen itace mai ƙarfi, kaurin babban yatsa. Kada ka kuskura ka sa ɗanye. Ɗanyen itace yana lanƙwasa a hankali ƙarƙashin jan waya, mai kayan ya yi ta ɗauri kullum muryar tana zubewa bai san dalili ba. Gindin sandunan yana haɗuwa, ko ya kusa haɗuwa, a ƙasan ƙoƙon daga ciki, su jingina da leɓen sama su fito a buɗe. Sandar gicciye kuwa santimita 35 zuwa 40, a huda ta a gefe biyu a zura kawunan sandunan hannu su zauna daram. Ba a cika buƙatar ƙusa ba, jan tsirkiyoyin ne ke danne ta. Wannan sanda dole ta zama mulmulalliya, kuma kada a shafa mata mai ko fenti mai santsi, za ka ga dalili nan gaba.

Sai fata. Ta akuya ta fi laushi da saurin amsawa, ta saniya ko raƙumi ta fi kauri da juriya amma tana son a kankare ta sosai. Ɗanyar fata ake so wadda aka cire wa gashi, ba jemammiya ba, don jemammiya ba ta ɗaurewa in ta bushe. A jiƙa ta kwana guda, a yanka ta zarce bakin ƙoƙo da santimita 5 zuwa 6 ta ko'ina, a huda gefenta tazarar yatsa biyu-biyu. A tsaga ƙananan kafofi biyu inda sandunan hannu za su ratsa, a zura su, sannan a ɗaure fatar ta baya da tsinken fata ko igiya mai ƙarfi. Wurin da sababbin hannu suke faɗuwa ke nan: suna bin da'ira suna ja ɗaya bayan ɗaya, fatar ta karkace, gefe guda ya yi tauri ɗaya ya yi sako-sako. A ja gabas sannan yamma, kudu sannan arewa, a bi tsakankaninsu, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙara ja kaɗan-kaɗan. A shanya a inuwa kwana biyu zuwa uku. In aka sa ta a rana tsaka, gefe ya riga tsakiya bushewa, ta tsage daga kafar sanda. Bayan ta bushe a huda ƙananan ƙofofin sauti biyu ko fiye a saman fatar, nesa da inda jaki zai zauna, da ƙarfe mai zafi don bakin hudar ya ƙone ya daina yagewa.

Tsirkiya a da ta jijiya ce ko hanji. Yanzu waya ce, kuma wayar burkin keke ta yi suna a wannan aiki a duk yankin: a warware igiyar burkin, a zaro sili ɗaya, a ja shi a kan katako sau da yawa har murɗin ya miƙe. In ba a miƙe shi ba, muryar tana rawa. Wanda ya samu siraran wayoyin jita masu kaurin milimita 0.25 zuwa 0.33, sun fi daidaito. A ɗaure biyar ɗin a zobe ko ƙarfe guda a gindin ƙoƙon, a ɗora su a kan jaki na itace mai tsawon santimita biyu zuwa uku, mai tsagi biyar marasa zurfi.

Ɗaurin sama shi ne asirin. Kowace waya ana haɗa bakinta da tsumma da aka yaga siriri aka murɗe, a naɗa su tare a jikin sandar gicciye har su zama ƙulli kamar zobe. Makaɗi yana murza zoben da tafin hannu, waya ta ɗaure ko ta saki. Abin da ke riƙe shi kawai kamun tsumma da itace ne, shi ya sa muka ce kada sanda ta yi santsi. In zobe yana zamewa, a ɗan jiƙa shi, ko a ƙara naɗi yadda kowane zagaye zai hau kan na baya ya danne shi. Wasu maƙera na birni suna sa maɓallan jita a maimakon tsumma. Yana sauƙaƙa saiti, ba ma ganin laifinsa, sai dai yana ƙara nauyi a sama kuma hudar da ake yi musu tana raunana sandar in siririya ce.

Abu biyu na ƙarshe: farke, wato abin da ake kaɗa tsirkiyoyin da shi, na busasshiyar fata mai tauri ko ƙaho ko roba, a ɗaure shi da igiya a jikin sanda don kada ya ɓata, da kuma maɗauri da ake gittawa tsakanin sandunan hannu inda wuyan hannun hagu zai huta.

Tambaya: Murya biyar kacal? Ta yaya ake fitar da waƙa da su, kuma me ya sa nake jin kamar ana buga ganga alhali mutum ɗaya ne ke kiɗan? (Wata ɗalibar kiɗa)

Amsa: Malama, kunnenki ya kama abin da ya fi komai muhimmanci a wannan kiɗa. Wanda ya saba da jita zai ɗauka ana kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya ne. Ana yin haka a wasu sassan waƙa masu taushi, amma babban salon akasin haka ne. Hannun dama yana share tsirkiyoyin biyar gaba ɗaya da farke, sama da ƙasa, ba tsayawa. Hannun hagu yana bayansu a buɗe, kowane yatsa yana taɓe da tsirkiya ɗaya ya kashe muryarta. In ana son murya ta fito, sai a ɗaga yatsan da ke kanta. Wato a garaya ana danna ne don a samu murya, a basankob ɗagawa ake yi.

Tsirkiyoyi huɗun da aka toshe ba shiru suke yi ba. Farke yana wucewa a kansu su ba da wani "cak-cak" busasshe, fatar ƙoƙo ta ƙara masa amo. Gangar da kike ji ke nan. Waƙa da kiɗan da ke ɗauke da ita suna fitowa daga bugu ɗaya, kuma yawancin bugun yana tafiya uku-uku ne, mai rangaji, irin wanda masu sauraro ke kamanta shi da takun raƙumi. Sai tafi da buga ƙafa su cika, wani lokaci da rawar tsalle da takobi da garkuwa.

Mai koyo ya bi wannan tsari. Mako na farko a toshe duka biyar, a yi ta shara da dama kawai har bugun ya zauna ba tare da tunani ba, minti 15 zuwa 20 a zama. Sannan a fara ɗaga yatsa ɗaya a bugun farko na kowane uku. Sannan biyu a jere. Kurakuran da aka fi yi guda uku ne. Na ɗaya, matse tsirkiya da ƙarfi maimakon taɓawa, wanda ke ture ta ya ɓata saiti. Na biyu, taɓa ta daidai tsakiyar tsawonta, inda maimakon ta mutu sai ta yi wani siririn fito, maganinsa a matsa hannu sama kaɗan. Na uku, tsayar da hannun dama a jira na hagu. Hannun dama ba ya jiran kowa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne masu taurin kai, sai an ware musu lokaci.

Game da saiti, muryoyin biyar suna bin tsanin nan mai hawa biyar da ya mamaye kiɗan Sudan da Habasha, wanda kunnen Bahaushe ma ba baƙonsa ba ne. Tunda tsawon wayoyin kusan ɗaya ne, bambancin muryarsu daga ƙarfin ja yake fitowa, kuma lissafin yana da tsauri: in ana son murya ta ninka tsayinta, sai an ninka ja sau huɗu. Shi ya sa duka biyar ɗin suke zama kusa da juna, kuma shi ya sa mai koyo da ya nace sai ya kai waya ɗaya can sama yake tsinka ta. Makaɗa suna da ɗauri fiye da ɗaya. Kafin wata waƙa sai ka ga an murza zobe ɗaya ko biyu, yanayin kiɗan ya juya gaba ɗaya. Ana yin saitin da kunne, a daidaita shi da muryar mawaƙin, ba da wata na'ura ba.

Tambaya: An ce akwai kiɗan da ba kowa ke da ikon kaɗawa ba. Gaskiya ne? (Wani mai karatu)

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi, kuma Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa, don mun san take. A wurin Beja akwai kiɗe-kiɗen da aka san na wata ƙabila ne ko wani gida, waɗanda in aka kaɗa su 'ya'yan gidan suke miƙewa, a da ma har da su ake zuga maza a fita fama. Akwai kuma na kowa da kowa: na bege, na yabon raƙumi, na kewar gida da ruwan sama a kan duwatsu, waɗanda saurayi ke kaɗawa a wurin kiwo ko a zaman shan jabana, wato gahawarsu mai citta. Basankob a wurinsu ba sana'ar wani gida ba ce kaɗai, kayan hira ne da ke zagayawa hannu zuwa hannu a cikin maza. Mai son ɗaukar wani kiɗa ya kai dandamali ko ya sa a faifai, wajibinsa ne ya tambayi dattawa na wane ne, a wane hali ake kaɗa shi, sannan ya faɗi hakan a fili duk inda ya kaɗa. Taken yaƙin wata ƙabila da aka mayar kiɗan rawar biki yana iya tayar da husuma ta gaske, musamman a yankin da ya sha rikicin ƙabilanci a 'yan shekarun nan.

Tambaya: Ina ganin matasa suna haɗa wannan kiɗa da jitar lantarki da saksofon da kibod. Anya wannan raya al'ada ne, ba kashe ta ba? Mu ma muna da ƙungiyar kiɗa, muna so mu san yadda ake haɗawa ba a ɓata ba. (Wani shugaban ƙungiyar makaɗa)

Amsa: Malam, ra'ayinmu a fili yake: lantarki ba ya kashe basankob. Abin da ke kashe shi shi ne a mayar da shi ɗan rakiya a cikin kiɗansa.

Sai an san halin da kiɗan ya fito kafin a yi hukunci. Gidan Rediyon Omdurman ya fara aiki a 1940, kuma shekara da shekaru waƙar Larabci ta Khartum da Omdurman ce ake ɗauka a matsayin waƙar ƙasa. Koken Beja na cewa an mayar da su saniyar ware tsoho ne, shi ya haifi ƙungiyar siyasarsu ta Beja Congress a ƙarshen shekarun 1950, ga shi kuwa tashar jiragen ruwan ƙasar da ma'adinan zinariya suna ƙasarsu. Zamanin Umar al-Bashir, daga 1989 zuwa 2019, manufar Larabtar da ƙasa ta ƙara matse harsuna da kiɗe-kiɗen da ba na Larabci ba. Yaron da ya tashi a Fot Sudan bai jin harshen kakansa a rediyo, in ya ji shi ta lasifika a gaban dubban mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne Nuri, makaɗin Fot Sudan, wanda a shekarun 1990 ya samo wuyan jita a wurin tarkacen ƙarfe ya haɗa shi da tambur, ya ƙera kayan kiɗa guda mai fuska biyu. Ƙungiyarsa, Dorpa, ta naɗi faifanta a Omdurman a watannin zanga-zangar da ta biyo bayan juyin mulkin Oktoba 2021, kamfanin Ostinato Records ya fitar da shi a 2022 da sunan Beja Power. Akwai saksofon da bes, wato jita mai kaurin murya, da jita da ganguna a ciki, amma duk wanda ya saurara zai ji cewa tsanin hawa biyar da rangajin bugun Beja su ne ke jan ragama, sauran suna bi.

Ga inda ƙungiyoyi suke tuntuɓe. Na farko saiti. Kibod an raba muryoyinsa daidai wa daida, tsakanin kowane maɓalli da maƙwabcinsa awo 100 na ma'aunin da ake kira sent. Kunnen makaɗin gargajiya ba ya bin wannan rabo. Tazarar da kibod ke ba 400, kunne mai neman daɗin haɗuwar muryoyi yakan ajiye ta wajen 386, kuma wannan ɗan bambanci ana jin sa. Abin da aka saba yi shi ne a miƙa wa mai basankob na'urar saiti a ce ya bi kibod. Kiɗan zai yi tsaf, amma ɗanɗanonsa ya tafi, kuma in yara suka koya a haka, bayan tsara ɗaya ba mai tuna ɗaurin asali. A juya lamarin. A bar dattijo ya ɗaure kayansa da kunnensa, a auna kowace tsirkiya da na'ura a rubuta nisanta da maɓallin da ya fi kusa, sannan a shiga wurin gyaran tsani na kibod a matsar da waɗannan maɓallai biyar. Yawancin kibod ɗin da ake sayarwa don kiɗan Larabawa suna da wannan dama. Mai saksofon zai iya bi da leɓe, mai bes ya tsaya a kan muryoyi biyar ɗin.

Na biyu, cika kiɗa da haɗin muryoyi irin na jita. Da zarar mai jita ya fara zuba haɗe-haɗen da ke ɗauke da muryoyin da babu su a cikin biyar ɗin, waƙar ta koma wata aba. Ya riƙe murya biyu ko uku daga cikin tsanin, ko ya amsa wa basankob amsa-amo. Na uku, mai ganga ya danne bugun uku-uku da bugun huɗu na disko. Ya fara koyon tafin da ake yi wa waƙar, ya gina a kansa.

Sai ɗaukar sauti a dandamali. Basankob ba shi da ƙara, saksofon ɗaya ya isa ya binne shi. In wurin shiru ne, makirufo a nisan santimita 20 zuwa 30, yana kallon fata tsakanin jaki da inda farke ke wucewa. In akwai ganguna, sai an manna 'yar na'urar ɗaukar girgiza, wadda ake kira fiyezo, a ƙarƙashin ƙafar jaki ko dab da ita. Kada a zura ta kai tsaye cikin mikisa, muryar za ta fito siririya kamar ta gwangwani. Tana buƙatar ƙaramin amfilifaya na share fage mai ƙarfin karɓa megohm ɗaya ko fiye. Fatar ƙoƙo kuma tana kama ƙarar lasifika ta mayar, sai ka ji kuka ya tashi. Maganinsa a kawar da lasifikar makaɗi daga gabansa zuwa gefe, a yanke ƙananan muryoyi da ke ƙasa da haz 100, in ya ƙi a cusa ɗan soso ta ƙofar sauti. Muna roƙon masu mikisa da babbar murya: "cak-cak" ɗin nan na tsirkiyoyin da aka toshe ba hayaniya ba ce, kada a tace shi. In aka cire shi an cire rabin kiɗan.

A kula da yanayi ma. Iskar bakin teku irin ta Fot Sudan tana da laima, fata tana saki, jaki ya nutse, duk muryoyin su sauka tare. Fitilun dandamali kuma suna gasa fata ta ɗaure, muryoyin su hau. A fito da kayan a ajiye a inda za a yi wasa minti 30 kafin a fara, a yi saiti a nan, a sake dubawa bayan waƙa biyu. In fata ta yi sanyi sosai a ɗan gasa ta nesa da garwashi ana shafawa da tafin hannu. Waya kuma gishirin iska yana cinye ta, a goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, a riƙe sili biyu na ko-ta-kwana.

Tambaya: Na ji an ce UNESCO ta amince da wannan kiɗa. Haka ne? (Wata mai karatu)

Amsa: Wanda aka sa a jerin al'adun gado na UNESCO a Disamba 2024 shi ne simsimiyya, ƙira da kaɗawa, bisa buƙatar Masar da Saudiyya. 'Yar'uwar basankob ce ta bakin teku guda, amma rajistar ba ta shafi kiɗan Beja na Sudan ba. Ƙa'idar yarjejeniyar 2003 ita ce gwamnatin ƙasa ce ke miƙa buƙata, da yardar al'ummar da ke da abin, bayan an sa shi a kundin al'adun ƙasar.

Tambaya: Da yaƙin da ake yi a Sudan, me mai waya ko ƙaramar rikoda zai iya yi don kada waɗannan waƙoƙi su salwanta? (Wani malamin makaranta)

Amsa: Malam, tambayarka ta zo a kan gaɓa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum, ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda tsofaffin faya-fayan ƙasar suke, ya zauna a hannun mayaƙa har zuwa Maris 2024. Jami'ar Khartum, wadda ke da taskar kiɗan gargajiya a cibiyarta ta nazarin Afirka da Asiya, ita ma ta tsinci kanta a tsakiyar fagen daga. Darasin shi ne kada a tara ƙwai a kwando ɗaya, kuma aikin da mutum ɗaya zai yi a Kasala ko Sinkat yana da daraja.

A fara da izini. A naɗi muryar makaɗin yana faɗin sunansa da yardarsa, da abin da ya yarda a yi da naɗin: ajiya kawai, ko koyarwa, ko sakawa a intanet, ko sayarwa. Kowanne daban ne, kuma in kuɗi zai shigo a yi maganar rabonsa tun kafin a kunna na'ura.

A naɗa a tsarin WAV, aƙalla kilohaz 48 da bit 24, ba MP3 ba. A kashe abin da ke daidaita ƙara da kansa da mai tace hayaniya, don su ne ke cinye bugun farke. Rikoda ta zauna nisan santimita 40 zuwa 60, a tsakanin bakin mawaƙi da ƙoƙo, a kan abin da ba ya girgiza, a rufe ta da soson iska. Kafin kowace waƙa a roƙi makaɗin ya kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, daga ta babban yatsa zuwa ta ƙarami, kowace ta yi daƙiƙa uku. Wannan rubu'in minti shi ne zai ba na gaba damar maido da ɗaurin daidai, kuma shi ne aka fi mantawa. In da bidiyo, wayar salula ɗaya ta tsaya ta bayan makaɗin tana kallon yatsun hagu. Masu ɗauka suna son fuska da gashi da takobi, amma mai koyo hannun hagu yake nema.

Bayan waƙa a tambaya, a bar rikoda tana tafiya: sunan kiɗan, sunan ɗaurin, na wace ƙabila ne, a wurin wa ya koya, yaushe ake kaɗa shi, yaushe ba a kaɗawa. A rubuta baitocin da Bidawiyet yadda aka furta su, da haruffan boko ko na Larabci, sannan fassara ta biyo a gefe. Fassara kaɗai ba ta isa ba, don waƙar tana tafiya ne da tsawo da gajartar gaɓoɓin harshen. Sunan kowane fayil ya ɗauki kwanan wata da gari da lamba, a kuma riƙe littafi na takarda mai bayanin kowace lamba.

A yi kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya a wajen ƙasar ko a ma'ajiyar intanet, a riƙa buɗe su ana dubawa sau ɗaya a shekara, domin katin waya da filashi suna mutuwa ba sallama, balle a zafin gabashin Sudan. Kwafi na huɗu na makaɗin ne da iyalinsa, a katin da wayarsu za ta iya kunnawa, a miƙa musu kafin a bar garin. In akwai yaro a gidan da ke sha'awa, a bar masa wayoyin tsirkiya biyar da farke, a roƙi dattijon ya zaunar da shi ya fara da hannun dama.